Gudu, ramin gida ko maɓoyar jama'a: da kana Portland a 1961 wanne zaka ɗauka?

Musun nan a teburin mai shayi ya taso, daren da rediyo ke ta maganar barazanar nukiliya, wani abokinmu direban tirela yace shi wallahi da zarar ya ji an ce bam na zuwa mota kawai zai tayar ya kwashi iyali ya nausa daji, wani ɗan kasuwa a gefe yace kai malam ina zaka je, ni rami zan haƙa a gidana in zuba kankare in tara shinkafa in rufo ƙofa. Ni kuma nace ku dakata, wannan gardamar an riga an yi ta shekara sittin da ɗoriya a Amurka, kuma da kuɗin gwamnati aka yi ta, har da mutum dubu ɗari a kan titi. Birnin da na fi sanin labarinsa shine Portland ta jihar Oregon, mai mutane wajen 370,000 a lokacin, kuma abin da yasa nake son misalinta shine duk hanyoyin nan uku sun ratsa ta, gudun da ramin gidan da maɓoyar jama'a, daga ƙarshe ma ta ce ta haƙura da duka. To mu ɗauka kai magidanci ne a can a 1961, da mata da yara da ɗan albashinka, wanne zaka zaɓa?

Kafin nan sai an raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai fashewar kanta, wuta da iskar da ke rushe gini, wannan kam in kana kusa da inda ya faɗi sai dai Allah ya jiƙanka, babu ɗakin ƙarƙashin ƙasan da zai cece ka. Sannan akwai ƙurar, wato ƙasa da tokar da bam ɗin ke zuƙewa sama su gauraya da gubar nukiliya iska ta kwashe su ta je ta zubar a wani wuri mai nisa, suna fitar da tururin da ba a gani ba a jin warinsa amma yana ratsa jiki. Amurkawa sun gane girman wannan ne ranar 1 ga Maris 1954 da suka gwada bam ɗin Castle Bravo a tsibirin Bikini, ya fashe da ƙarfin megaton 15, wato kamar tan miliyan 15 na nakiya, fiye da ninki biyu na abin da suka lissafa, toka ta zubo wa mutanen tsibirin Rongelap da wani jirgin kamun kifi na Japan mai mutum 23, duk suka kwanta ciwo, mai kula da rediyon jirgin ya rasu bayan wata shida. Mu ma ba baƙonmu bane wannan zancen, ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da nata a Reggane cikin saharar Aljeriya ana tsakar hunturu, kowa ya san inda iskar hunturu ke kai ƙura, shi yasa Ghana ta riƙe kadarorin Faransa, Najeriya kuma ta kori jakadanta a Janairun 1961 bayan gwaji na uku.

Abu ɗaya mai sauƙi game da ƙurar nan shine tana saurin yin sanyi. Lissafin da ake koyarwa lokacin shine duk sanda lokaci ya ninka sau bakwai ƙarfin tururin zai ragu sau goma, bayan awa 7 saura kashi ɗaya cikin goma, bayan awa 49 ɗaya cikin ɗari, bayan sati biyu ɗaya cikin dubu. Daga nan maganar "sati biyu" ta samo asali, duk tanadin da zaka ji an yi na kwana 14 ne. Riƙe wannan a ranka domin shine ma'aunin da zamu auna ukun da shi.

Mu fara da na direba, gudu. Nan Portland ta yi abin da ya ba duniya mamaki. Ranar Talata 27 ga Satumba 1955 da ƙarfe 3:05 na yamma jiniya ta kaɗa, atisayen da suka kira Operation Greenlight, an saita danjojin manyan titunan fita gari duk suka koma kore, na masu tsallakawa suka tsaya a ja, kowa ya shiga mota ya bi inda kore ya nuna, wanda bashi da mota a ɗauke shi. Kafin ƙarfe 4 motoci 29,423 da mutane 101,074 sun fice daga tsakiyar birnin, cikin minti 54 kenan. Ka tsaya ka yi tunanin wannan, mutum dubu ɗari cikin ƙasa da awa ɗaya, mu da in an tashi daga ɗaurin aure ɗaya sai layi ya toshe. Garin ya yi suna sosai, har gidan talabijin na CBS ya zo ya yi fim a kai a 1957 da mutanen garin da magajin garinsu a ciki. Suka kuma gina wata cibiya a cikin tudun Kelly Butte a 1956 wadda zata ɗauki jami'ai 250 na sati biyu domin gwamnatin birni ta ci gaba da aiki daga can, ka lura fa, ta jami'ai ce, talaka shi nasa gudu ne.

Kyawun gudu a fili yake, shine kaɗai cikin ukun da zai raba ka da fashewar kanta, kuma baya cin kuɗin gini, mai kawai da titi. Amma an yi atisayen ne mutane na sane yana tafe cikin waɗannan kwanakin, da rana tsaka, kowa hankalinsa kwance, ba uwar da ta juya kan mota ta bi wanwe don ta ɗauko ɗanta a makaranta, ba wanda mai ya ƙare masa a kan gada, kuma Portland gari ne da kogin Willamette ya raba biyu, gada ɗaya ta toshe an shiga uku. Na taɓa kasancewa a kasuwa ranar da wani ya yi ihun gobara alhali ba komai, minti biyu ba a yi ba takalma sun cika ƙasa, wata tsohuwa mai sayar da kuka tana zaune a kan tirenta ta rasa ta ina zata tashi, tun ranar na daina yarda da lissafin gudu na kan takarda. Sannan ko ka fita ɗin ina ka nufa? In iska ta bi ta inda ka bi, ƙura zata same ka a cikin mota, kuma kwanon mota da gilashi kusan babu abin da suke tarewa, gara ma wanda ya zauna a gida.

Babban abin da ya kashe tsarin gudu dai lokaci ne. A 1955 jiragen sama ake tsoro, masu tasowa daga Tarayyar Sobiyet su ratso ta arewa, na'urorin hango jirgi zasu ba ka awoyi. A Agustan 1957 Sobiyet ta gwada makami mai linzami mai tsallake nahiya, 4 ga Oktoba ta harba tauraron ɗan adam Sputnik da irin wannan roka ɗin, daga nan gargaɗin ya koma kamar minti 15 zuwa 30. Minti 54 da ake alfahari da shi ya zama ya yi yawa. Don haka a 1961 in ka zaɓi gudu to sai dai ka gudu tun ana cacar baki, kwana biyu ko uku kafin komai, ka bar aiki ka tafi ƙauye wajen dangi, in kuma ba a yi yaƙin ba ka dawo kana sosa ƙeya.

Sai na ɗan kasuwa, ramin gida. Gwamnatin shugaban Amurka Eisenhower wannan ta fi so saboda ba ita zata biya ba, a 1959 ta raba wani ɗan littafi mai zanen yadda zaka gina maɓoya da kanka, mafi arha shine ka ja bangon bulo na kankare a lungun ɗakin ƙarƙashin gidanka ka yi masa rufi mai kauri, dala 150 zuwa 200, wanda ake binnewa a bayan gida kuwa da kwangila sai ka haura dala dubu. Ta fuskar kariya babu ƙarya a ciki. Kankare mai kaurin santimita 6 ko ƙasa dannanniya mai santimita 9 na rage tururin da rabi, ka ƙara wani ya sake rabewa, in ka samu ƙasa kusan mita ɗaya a kanka abin da zai iso gare ka bai fi ɗaya cikin dubu ba. Gidan katako irin nasu rabi kawai yake tarewa, ɗakin ƙarƙashinsa kuma ya rage kamar sau goma. Ga shi a gidanka yake, tsakar dare ma taku ashirin ka shiga, abincin da ka saba ka ajiye, maganin hawan jinin tsohuwarka na ciki, ba mai yi maka tsawa.

Bayan jawabin sabon shugaban Amurka Kennedy na 25 ga Yulin 1961 kan rikicinsu da Sobiyet a birnin Berlin abin ya zama kamar zazzaɓi, kamfanoni suka ɓullo ko ta ina, masu gina wurin ninƙaya suka koma masu gina maɓoya, mujallar Life ta fito a Satumba tana cewa mutum 97 cikin 100 zasu iya tsira, alƙaluman da masana da yawa suka ce an zuzuta. Shekara bata zagayo ba kasuwar ta faɗi, da yawansu suka karye.

Inda ni na tsaya cak shine maganar ƙofa. Ramin nan na mutum biyar ko shida ne, iskarsa da ruwansa a ƙirge suke, to jiniya ta kaɗa maƙwabcinka ya zo da matarsa da goyo yana buga ƙofa yana kiran sunanka, ya zaka yi? Ba tatsuniya bace, a Agustan 1961 mujallar Time ta yi rahoton masu ajiye bindiga a maɓoyarsu saboda maƙwabta, a Satumba kuma wani limamin Katolika, Fada McHugh, ya rubuta cewa mutum na da hurumin kare ƙofar maɓoyarsa ko da ƙarfi ne, sauran malaman addini suka yi masa ca. Na tambayi ɗan kasuwan namu nace Alhaji tsakani da Allah, mutumin da kuke sahu ɗaya a masallaci, wanda matarsa ta kwana a asibiti da taka, zaka iya jin muryarsa ka yi shiru? Ya juya cokali a kofi ya daɗe sannan yace to ai sai in gina babba. Nace babba na mutum nawa, ƙannenka da ke gidan fa, almajiran da ke kwana a zaure fa? Kaga an dawo maganar maɓoyar jama'a ba tare da an shirya ba. Kuma ko a can ɗin, mai haya a bene bashi da bayan gidan da zai haƙa, sannan in abin ya zo da ƙarfe 11 na safe kai kana wurin aiki yara na makaranta, ramin da ka kashe wa albashin wata uku yana can ba kowa sai gwangwanaye.

Wannan surutun na cikin abin da ya sa gwamnatin Kennedy ta karkata ga na ukun. Ta nemi dala miliyan 207.6 majalisa ta bata, kuma dabarar ba gina sabon abu bace, injiniyoyi aka tura gari gari suna duba gine-ginen da ke tsaye, bankuna, makarantu, kotuna, manyan shaguna, otal, suna auna kaurin bango da rufi. Sharaɗin shine wurin ya ɗauki aƙalla mutum 50 kuma ya rage tururi sau 100, daga baya a 1962 aka sassauta zuwa sau 40 don a samu wurare da yawa. In gini ya ci jarrabawa mai shi ya sa hannu, ba a biyansa haya, sai a manna masa alamar nan mai ruwan ɗorawa da baƙi mai kusurwa uku-uku guda uku a cikin da'ira, a kawo kaya a jibge. Ba lallai ƙarƙashin ƙasa ba ma, tsakiyar dogon bene ma yana yi, tunda ka yi nisa da ƙurar da ke kan rufi da wadda ke kan titi.

Yanzu bari in shigar da kai ciki ka gani da idonka, don a nan ne mutum zai san ko zai iya. Wurin da aka ware maka murabba'in ƙafa 10 ne, wato sallaya ɗaya da ɗan ɗoriya, nan zaka zauna nan zaka kwanta. Ruwa yana cikin duro na ƙarfe mai galan 17.5, kusan lita 66, da leda biyu a ciki, kuma duro ɗaya na mutum biyar ne, in ka raba kowa ya tashi da lita 13 na sati biyu, ƙasa da lita ɗaya a rana, kamar fiya wata leda biyu kenan, sha kawai, wanka da wanki kam a manta, mai sallah sai taimama. Abinci biskit ne busasshe a cikin manyan gwangwanaye da wata alawa mai tauri, an lissafa wa kowa kalori 10,000 gaba ɗaya, wajen 700 a rana, kusan ƙaramar Indomie biyu ba ƙwai. Banɗaki kuma wani duro ne na kwali da aka sako masa mazauni na roba da leda da maganin kashe wari da takardar goge-goge, in ya cika a ɗaure a koma kan duron ruwan da aka shanye. Akwai akwatin magani mai su asfirin da fenisilin da bandeji, akwai na'urorin auna tururi masu launin ɗorawa da wani ƙarami kamar biro da ake maƙalawa a aljihu, su zasu gaya maka yaushe za a iya leƙa waje. Rediyo kuma in wani ya zo da ita sai a murɗa zuwa 640 ko 1240, tashoshin da aka ware don sanarwa, har alama ake sa musu a jikin rediyoyin lokacin. Babu katifa, babu bargo sai wanda ka shigo da shi, ga zafin jikin mutum ɗari biyu da kukan jarirai da wanda ke son shan taba.

Ba daɗi ko kaɗan, amma duba abin da ya fi sauran da shi. Kyauta ne, mai haya da baƙo da mai shara duk ƙofa ɗaya zasu shiga, ba wanda zai tsaya da bindiga yana tantance fuska. Ginin ya fi duk abin da albashinka zai iya ginawa kauri. Cikin taron da wuya a rasa nas ko mai gyaran wuta, kuma akwai na'urar awo, abin da yawancin masu ramin gida basu da shi, su sai dai su yi ta canke ko lokacin fita ya yi.

Aibinsa kuma manya ne, ba zan ɓoye ba. Manyan gine-gine a tsakiyar gari suke, wato daidai inda ake sa ran bam zai sauka, da dare kuma mutane na can unguwannin bayan gari inda gidajen katako ne zalla babu ginin da ya cancanci alama. In gobara ta haɗe gari ɗakin ƙarƙashin ƙasa tarko ne, a Hamburg a 1943 dubban mutane a irin waɗannan ɗakunan hayaƙi da zafi suka kashe su. Sannan sanda aka fi buƙatarsa, rikicin Oktoban 1962 da Sobiyet ta girke makamai masu linzami a ƙasar Kyuba, aikin bai yi nisa ba, wurare da yawa ba alama ba kaya, duron ma a bushe ake kawo shi sai an samu mai cikawa. Majalisa kuma daga baya ta ƙi sakin kuɗin gina sababbi a inda babu.

To ni dai ga inda na faɗi. In gidanka da aikinka suna cikin gari, kana haya ko albashin bai taka kara ya karya ba, maɓoyar jama'a zaka riƙe, ka san wadda ta fi kusa da wurin aikinka da wadda ta fi kusa da makarantar yara, ku yi magana da uwargida tun yau cewa kowa ya shiga ta kusa da shi kar a tsaya neman juna, ka ajiye jaka da bargo da tocila da rediyo da magungunanku. In kana bayan gari kilomita talatin ko fiye, gidan naka ne kuma yana da ɗakin ƙasa, to bangon bulon nan na dala 200 ya fi maka komai, don kai ƙura ce matsalarka kuma ba wani babban gini kusa da kai, amma ka gina shi da lissafin mutanen da ka san ba zaka iya hanawa ba, ruwa ma ka ninka. Wanda ake binnewa na dala dubu da wani abu ban ga dalilinsa ba sai in kuɗin sun yi maka yawa. Gudu kuma na mai dangi a ƙauye ne da zai iya tafiya da wuri, in jiniya ta riga ta kaɗa kar ka taɓa makullin mota. Direban namu bai ji daɗin wannan ba, yace shi dai bai saba zama a rufe ba, nace ai sati biyu ne, kuma awa 49 na farko su ne masu zafin.

Su mutanen Portland ɗin kuma ga yadda suka ƙare. Ranar 12 ga Oktoba 1962, kwana goma kafin Kennedy ya fito ya sanar da maganar makaman Kyuba, wata mahaukaciyar guguwa ta afka wa yankin, ta kashe sama da mutum 40, ta tumɓuke bishiyoyi ta katse wuta, mutane suka waiga suna neman hukumar kare farar hular da aka shekara goma ana ba kuɗi suka ga ba wani abin kirki da ta tsinana, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan wuta ne suka yi aikin. Dama akwai wani kwamishinan birnin, Stanley Earl, da ya daɗe yana cewa shirin yaudarar kai ne. A watan Mayun 1963 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'a ta rushe shirin, garin da aka yi fim da shi a matsayin abin koyi ya zama babban birni na farko da ya fice. Cibiyar Kelly Butte daga baya ta koma wurin amsa kiran gaggawa, aka tashi daga cikinta a 1994, a 2006 aka toshe ƙofar da ƙasa. A 2006 ɗin dai ma'aikata a New York suna duba ƙafar gadar Brooklyn suka buɗe wani ɗaki suka tarar da duro-duron ruwa da barguna da biskit wajen 350,000 a gwangwanaye, kwalayen na ɗauke da 1957 da 1962. Da na faɗi wannan mai shayi ya ɗago daga kan kaskon ƙwai yace yallaɓai, biskit ɗin an raba wa mutane ko zubarwa aka yi?